Ƙwayoyin cuta masu amfani? Gardamar da ta tashi a zauren dangi

Nasiru: Salamu alaikum. Wallahi tun asuba raina a ɓace yake. Sau ukku cikin wata biyu ana kai Inna wani kemis, kullum Flagyl ake miƙo mata, ba gwajin bayan gida ba komi. Jiya kunu kawai ta sha, rabin kofi, ta kwana dafe da ciki. Mutanenmu ba su san hanji cike yake da ƙwayoyin cuta masu amfani ba. Ƙwayoyin nan suna fidda wasu 'yan ƙunshi daga fatar jikinsu kamar ƙullin yaji, mafi yawa nanomita 20 zuwa 300 (nanomita kashi ɗaya ce cikin miliyan na milimita), cike da furotin da sinadarai. Ƙunshin nan ke ratsa majinar da ta lulluɓe bangon hanji su isa ga garkuwar jiki. A 2012 masu bincike a jami'ar Caltech ta Amurka sun ba ɓeraye ƙunshin wata mai suna Bacteroides fragilis, ya kare su daga kumburin hanji. To ita wagga tana cikin waɗanda Flagyl ke kashewa. Haka za mu zura ido?

Anti Hauwa: Subhanallahi. Allah ya ba Inna lafiya.

Malam Bello: Amin. Amma Nasiru gyara Hausarka. Mi ad "cuta mai amfani"? Cuta da amfani ba su shan inuwa guda. In tana da amfani ba cuta ba ce, in cuta ce ba ta da amfani.

Nasiru: Malam, sunan da munka taras ke nan. Har rediyo haka suke faɗi.

Malam Bello: Rediyo ba hujja ba ne. Shekara 26 ina koyar da Hausa, ban taɓa bari ɗalibi ya rubuta wanga kwaɓa ba. Ka ce ƙananan halittu.

Aminu: Ƙananan halittu ai har da kiyashi da ƙuma, Malam. A ce bakteriya a huta.

Malam Bello: Bakteriya Hausar wane gari ce?

Aminu: Ta garin da anka samo mota da asibiti da allura.

Malam Bello: Allura daga Larabci take, yaro. Ka yi tambaya kafin ka yi magana.

Kawu Sani: Ni ba cutarku ta dame ni ba. Nasiru, wa kake nufi da "wani kemis"? Zauren ga mutum nawa ke da kemis in ba ni ba?

Nasiru: Kawu, wallahi ba kai ba. Ko hanyar shagonka ba a bi da ita ba.

Kawu Sani: To ka faɗi suna. Shekara 20 ina wagga sana'a a Mabera. Tsakar dare ake buga mani ƙofa da yaro yana zawo, lokacin ku 'yan boko kuna kwana. Uban yaron ba shi da kuɗin kati, balle na gwaji. In kore shi? Kuma ɓera kac ce. Inna ɓera ce?

Anti Hauwa: Haba Yaya Sani, wagga magana ba ta yi daɗi ba.

Rabi: Ni dai a ba ta kindirmo safe da yamma. Kakanninmu a ruga da shi sunka rayu, ba su san kumburin ciki ba.

Aminu: Wane kindirmon? Wanda ake tsinkawa da ruwan rijiya a kaɗa garin kuka ya yi kauri?

Rabi: Aminu ka iya bakinka. Mahaifiyata shekara da shekaru tana ɗauko ƙwarya daga wajen Wamakko, ba wanda ya taɓa kawo ƙara. Kai da ke shan na leda da ya kwana ba wuta.

Aminu: Anti ban ce ita ba.

Rabi: Duk wanda ya zagi nono mu ya zaga.

Zainab: Don Allah a dakata. A ɗakin gwaji nake aiki, bari in sa baki. Abin da Yaya Nasiru ya faɗa gaskiya ne, sai dai rabi ne. Ƙunshin nan ya danganta da wadda ta fidda shi. Cikin na farko da aka gani da madubin lantarki akwai na ƙwayar kwalara, a Indiya, 1967, kuma dafinta yana tafiya a cikinsa. Wasu ƙunshin na ɗauke da sinadarin da ke lalata magani dangin penisilin, su kare maƙwabtansu. A Beljiyam an samu irinsu cikin jinin majinyatan da bangon hanjinsu ya yi rauni. Na Akkermansia kuwa, wata ƙwayar hanji mai amfani, a ɓeraye, ƙara ɗinke bangon ya yi. Shi ya sa ba a harbi a duhu, sai an duba.

Malam Bello: Alhamdu lillahi, kun ji daga bakin ma'aikaciya. Kwalara. Ashe cuta dai cuta ce.

Zainab: Baba Malam, ba haka na ce ba.

Kawu Sani: Ta ce ɓeraye ita ma. Kun gani.

Nasiru: Ni fa zancen Inna na kawo. Ba wanda ya tambayi ko ta ci abinci yau.

Rabi: Aminu bai janye maganarsa ba har yanzu.

Umar ɗan Kawu Sani, mai kula da zaure: To jama'a, dare ya yi, ga abin da anka cimma. Malam ya yi gaskiya, ba a cewa cuta mai amfani. Zainab ta tabbatar ƙunshin nan na ɗauke da dafin kwalara, ke nan mai ba da maganin kashe su bai yi laifi ba. Sauran bayanin duk na ɓeraye ne a ƙasar Turawa. Masu kemis suna taimakon talaka, ya kamata Nasiru ya ba Baba haƙuri a bainar jama'a tunda a nan ya yi maganar. Zancen nono kowa ya sha wanda ya yarda da shi. An rufe.

Zainab: Yaya Umar, ka yanke mani magana biyu ka ɗauki guda. Yaya Nasiru, gobe zan aiko da robar gwaji mai murfi. A sa bayan gidanta na safe, a kawo kafin ƙarfe 9, kuma ka rubuto mani ranar da ta sha ƙwayar Flagyl ta ƙarshe.