Kwali ya ce 9006, gindin ƙwai ya ce 9005

Hajiya Rabi, Samaru: Assalamu alaikum 'yan zaure. Corolla 2006 ce 'yar Amurka, dim ɗin gefen direba ya mutu. An sayo min ƙwan fitila biyu a Sabon Gari. A kwali an rubuta 9006 da +150%, amma a gindin ƙwan 9005 ne, kuma ya ƙi zama a raminsa. Mai shago ya ce duk ɗaya ne, a ɗan fere kunnen robar kawai. In bari a fere? Kuma wane iri ne mai hasken gaskiya?

Malam Sani Rewaya: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki bari a fere. Motarki 9006 take ɗauka a dim, 9005 a ful. Kama suke yi, amma 9006 wat 55 ne, kansa a shafe da baƙin fenti don kada haske ya fita kai tsaye zuwa idon mai tahowa. Shi 9005 wat 65 ne, ba shi da wannan fentin, kuma gindinsa ya fi siranta da milimita biyu. In an matsa shi ya shiga, robar ba za ta toshe ramin sosai ba, ruwa da ƙura su riƙa shiga gidan fitila. A mayar da shi a canzo.

Aminu Golf: In shagon ya ƙi karɓa, ajiye su Hajiya, ranar da ful ya mutu za su yi amfani.

Injiniya Lawal: Matsalar kwali ta fi haka yawa, bari in ɗan faɗaɗa. Kwali daban ake buga shi, ƙwai daban, wani lokacin ma a shago ake mayar da ƙwan da aka gwada cikin kwalin da ba nasa ba. Shi ya sa abin karantawa shi ne rubutun da ke jikin ƙarfe ko robar gindin ƙwan. Za a ga lambar iri, da 12V, da wat, da harafin E da lamba a cikin da'ira, kamar E1 na Jamus. Su zo daidai da na kwali, kuma a ciro duka biyun a duba, don ana samun ɗaya daidai ɗaya daban.

Waɗanda suka fi ruɗa mutane: HS1 na babur da H4. Ƙafa uku ne dukkansu, amma HS1 wat 35/35 ne, H4 kuwa 60/55. Sai H4 na tirela, 24V 75/70. Wannan zai zauna daram a mota ƙarama, ya kama, amma jajir kamar aci-bal-bal, mutum ya yi ta zargin batir da altaneta. Sai H8 da H11 da H9, wat 35 da 55 da 65, siffa kusan ɗaya.

Batun +150% kuma, ba yana nufin ƙwan ya ninka haske ba. H4 na ƙa'ida lumen (ma'aunin yawan haske) 1,000 yake bayarwa a dim, 1,650 a ful. H7 1,500, H11 1,350. Ƙa'idar ɗan sarari kaɗan ta bari sama da haka, ba wanda zai ninka ya kuma samu tambarin E. Abin da Osram da Philips suke yi a irin Night Breaker da RacingVision shi ne ƙanƙanta zaren ƙwan ya ƙara zafi, hasken ya tattaru wuri guda a kan titi. Kason da suke rubutawa kwatanci ne da mafi ƙarancin hasken da ƙa'ida ta yarda da shi a wani wuri cikin hasken. Ana ganin bambanci in na asali ne, amma ya fi ƙwan gama-gari saurin mutuwa. Na jabu kuwa kwalin kawai suka kwaikwaya.

Bashir LED: Duk wannan wahalar ta me? A sa LED a huta. Akwai mai 200W, lumen 30,000.

Malam Sani Rewaya: Bashir, ɗora mita a kansa. In ya ja amfiya 2 a 13.5V, wat 27 ke nan, ba 200 ba. Ka ba shi lumen 100 a kowane wat, bai kai 3,000 ba. Kuma bar shi a kunne minti ashirin ka sake dubawa, yana ɗaukar zafi haske yana raguwa. Ƙwan da ke cin wat 200 da gaske ɗan fankan bayansa ba zai iya sanyaya shi ba.

Alhaji Ɗanladi Direba: Ku ne ke makantar da mu a hanyar Kaduna. Daga Ɗan Magaji zuwa Jaji mutum na tuƙi yana kare ido da hannu. Ka ba shi ful ya rage, ya mayar maka da wanda ya fi, ashe dim ɗinsa ne.

Bashir LED: Alhaji ba kowane LED ba ne. Nawa ba ya kashe ido.

Alhaji Ɗanladi Direba: Ka taɓa tsayawa a gabansa da dare ka gani?

Injiniya Lawal: Ana iya raba gardamar nan da gwajin bango, a haska fitilar a jikinsa a gani. Madubin cikin fitila an ƙera shi ne don zare siriri a wuri guda. In ƙwayoyin LED ɗin ba su zauna daidai inda zaren yake ba, ko allonsu ya yi kauri, layin da ke yanke haske daga sama ya ɓace. A sa su suna kallon hagu da dama, ba sama da ƙasa ba. Fitila mai furojekta (mai kumburarren gilashi zagayayye a gaban ƙwan) ta fi haƙuri da shi, mai madubi zalla kuwa sau da yawa watsa shi take yi.

Maman Khalifa: Mu da ke zuwa Shika da asuba lokacin hazo, fari mai shuɗi-shuɗin nan dawowa ido yake yi.

Injiniya Lawal: Haka ne Maman Khalifa. 6000K da 8000K launi ne, ba ƙarfi ba. Halojin na asali wajen 3200K yake. Wanda aka shafa wa gilashinsa shuɗi don ya yi fari, shafin nan haske yake ci.

Aminu Golf: To mu masu H4, 100/90 fa? Shi kam da gaske yake haske.

Malam Sani Rewaya: Da gaske yake, amma kusan amfiya 8 yake ja, na ƙa'ida wajen 5 ne. Soket ɗin roba ya narke, makunnin sitiyari ya ƙone, madubin ciki ya dushe. Kafin ka kai nan Aminu, auna wutar da ke isa ƙwan. Mota a kunne, fitila a kunne, batir ya nuna 13.8 zuwa 14.4. Sai ka auna a bayan soket. In bambancin ya wuce rabin bolt, wuta tana zubewa a hanya. Halojin in wutarsa ta ragu da kashi 10 cikin ɗari, haskensa kusan kashi 30 yake raguwa. Kankare wayar da aka ɗaure a bodi, canza soket in ya yi baƙi. In bai gyaru ba a sa rile (makunnin da ke ɗauko wuta kai tsaye daga batir) biyu, ɗaya na dim ɗaya na ful, waya 2.5mm daga batir, fis 15A a kusa da kan batir. Tsohuwar Golf da 60/55 sai ka ce an canza mata fitila.

Usman PZ: Oga Sani rile mai ƙafa huɗu ko biyar?

Malam Sani Rewaya: Huɗu ya isa. Ƙafa mai lamba 30 daga batir, 87 zuwa ƙwai, 86 daga tsohuwar wayar fitila, 85 zuwa bodi. Amma a gwada tukuna, wasu Toyota ta ɓangaren bodi makunninsu ke yankewa, haɗin ya bambanta.

Hajiya Rabi, Samaru: Na gode Malam Sani, na gode Injiniya. Yaro ya koma da su.

Malam Sani Rewaya: A canza duka biyun tare Hajiya, kuma kada ya taɓa gilashin da yatsa. Maiƙon hannu na sa wurin ya yi zafi ya kumbura.

Maman Khalifa: Murfin fitilar da ya yi rawaya fa? An ce man goge baki yana yi.

Aminu Golf: Na 'yan kwanaki ne. Sanfefa da ruwa, mai lamba 800, sai 1500, sai 2000, a goge da folish, sannan a fesa kiliya mai kare rana. In ba a fesa ba, zai koma rawaya.

Bashir LED: Injiniya, gwajin bangon nan nisa nawa?

Injiniya Lawal: Mita 10, fili a miƙe, iskar taya daidai. Auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, ka ja layi da alli a bango daidai wannan tsayin. Kunna dim. Bakin hasken ya sauka santimita 10 zuwa 12 ƙasa da layin, in yana da ɗagawa ta kasance ta hannun dama. Ɗauko hoton ka turo nan, Alhaji Ɗanladi ya gani.