Ku taimaka: an ce labarina ya koma wa'azi

Sabuwar marubuciya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina rubuta littafina na farko, labarin yarinyar da aka aurar wa dattijo bayan rasuwar mahaifinta. Na ba yayata babi uku ta karanta, sai ta ce wai kamar wa'azi take saurare, ko wurin mutuwar uban ma bai taɓa ta ba. Wallahi raina ya sosu, don ina hawaye na rubuta wurin. Ga abin da na sa: "Ta yi baƙin ciki matuƙa, zuciyarta ta karaya, ta gane duniya ba matabbata ba ce." Ina matsalar take?

Anti:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Faɗa mana kika yi ta yi baƙin ciki, ba mu gani da idonmu ba. Goge jimlar nan. Sa yarinyar ta tashi da asuba, ta cika buta, ta ajiye a ƙofar turakar mahaifinta yadda ta saba, sai da ta juya sannan ta tuna. Ki tsaya nan, kar ki ƙara ko kalma. Shi kuwa "duniya ba matabbata ba ce" bakinki ne, ba na yarinya 'yar shekara 15 ba. Nan wa'azin ya shigo.

Malam:
Gaskiyar Anti ce. Amma 'yata, wa ke ba da labarin? Duba Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, duk daga gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933 suka fito, duk kuma jarumin ne ke magana da bakinsa. Umar malami ne da ya manyanta, yana faɗa wa almajiransa yadda aka raba shi da mahaifiyarsa aka bautar da shi, shi ya sa muryar ta zo da sanyi da tawakkali. Alhaji Imam kuwa, jarumin Ruwan Bagaja, cika baki yake da barkwanci, har wahalarsa dariya take ba ka. Dabara ɗaya, ɗanɗano daban. In tsohuwa ce ke tuna ƙuruciyarta, nasiha za ta dace da bakinta. In yarinyar ce a cikin halin, ba ta da wannan hangen tukuna.

Yaya:
Ni ban ce a kori nasiha gaba ɗaya ba, masu karatunmu suna son ta. Ki dai ba wani ya ɗauka. Sa gwaggo ta ce "haƙuri maganin zaman duniya" tana lissafin sadaki, ki ga yadda maganar za ta yi ɗaci.

Sabuwar marubuciya:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Butar nan ta tsaya min a rai. Malam, in na mayar da shi bakin tsohuwa, ai tun farko mai karatu ya san ta rayu ke nan?

Malam:
Ya sani. Sai ki ɓoye masa yadda aka yi ta fita gidan.