Wata nawa ya kamata in riƙa yin juye? Motata ba ta nisa amma tana shan ƙura

Malamin Ƙauye:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman shawara. Ina da Golf 3, ina koyarwa a wata firamare ta wajen Ringim, daga gida zuwa makaranta bai fi kilomita 4 ba amma duk burji ne, ran Lahadi kuma ina ɗan lodin hatsi zuwa kasuwar Gujungu. Ƙanina ya ce sai na yi kilomita 10,000 zan juye baƙin mai, wai haka ya gani a intanet, to ni a shekara ma da kyar nake cika hakan, ga shi mitar ta mutu tun bara. Ya zan yi?

Bakanike Sabo:
Wa alaikumus salam Malam. Wallahi kada ka bi wannan lissafin, na masu kwalta ne da doguwar tafiya. Irin tuƙinka ya fi cin inji, don kafin ya ɗau zafi sosai ka riga ka kashe, sai raɓa da ɗan fetur su riƙa taruwa cikin baƙin man suna tsinka shi, ga ƙurar burji kuma ga lodi. In baƙin mai 20W-50 na galan kake zubawa kada ka wuce kilomita 5,000, tunda ba mita ka riƙe wata uku zuwa huɗu, kuma duk juye a canza filtar mai, kada a ce maka wanke ta za a yi. Zaro sandar awo duk safiya kafin ka tayar, ka murza man a yatsa, in ka ji yashi-yashi ko warin fetur to kar ka jira wata.

Direban Maigatari:
Gaskiya oga ya faɗa. Ni Sharon nake ja, duk Alhamis ina kasuwar Maigatari, tawa mitar ma ta daɗe da mutuwa sai nake ƙirga sawu, ranar juye kuma na rubuta da alƙalamin maka a jikin ƙofa. Amma Malam abin da ya taɓa kwantar da ni iyakilina ne, wato filtar da ke tace iskar da ke shiga inji. Lokacin hunturu na kai wa wani mai faci ya busa min da iska mai ƙarfi, ashe ya yaga takardar ban lura ba, wata biyu mota ta fara hayaƙi tana shan mai, da aka buɗe injin, ringin fistin duk ya cinye, kuɗin da na tara na taki a nan suka tafi, har yau abin na min ciwo. Ka riƙa cire ta kana kakkaɓewa a hankali, ka ɗaga ta a rana, in ka ga huda ko kaɗan ne sayi sabuwa.

Alhaji na Taura:
Ku ƙara da damina. In ka ratsa ruwa mai zurfi duba man, in ya koma kamar shayi da madara ruwa ya shiga, kada ka tayar. A leƙa robar shaf ta bayan tayoyin gaba ma, in ta yage yashi ke shiga giris.

Malamin Ƙauye:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu na fita na zaro sandar, baƙi ƙirin kuma yana warin fetur, rabona da juye tun kafin azumi. Gobe in sha Allahu daga makaranta sai gareji. Oga Sabo, fulogi fa, shi ma duk juye ake canzawa?