Agogon kwamfutata na komawa baya, sauti kuma yana ɗaukewa

Assalamu alaikum. Na sayi kwamfutar tebur ta gwanjo mako biyu da suka wuce, Windows 10 ce a kanta, amma ta hana ni sakat.

Duk lokacin da aka ɗauke wuta, in na sake kunna ta sai in tarar kwanan wata ya koma shekarun baya, agogo kuma yana nuna 12:00. Daga nan burauza ta ƙi buɗe shafuka, wai ba su da tsaro. Sautin ma haka: jan kuros ya fito a kan alamar lasifika, ko ƙis ba ka ji, ta ramin jona lasifika na gaba ko koren ramin baya.

Na canza ƙaramin batirin nan na kan madabod (babban allon cikin kwamfuta), CR2032, mai riƙe lokaci da saiti, sabo fil daga kwali. Na sake saka direban sauti (manhajar da ke sa sauti aiki) har sau biyu, a banza. Sai da na shiga BIOS (saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi) na ga an kashe sautin a can. In na kunna shi na gyara lokaci, komai lafiya lau, har sai an zare soket, sai a koma gidan jiya.

Ta yaya zan gane ko mazaunin batirin ne ba ya taɓawa, ko madabod ɗin ne ya tafi? Na gode.