Niƙan gero canjin siffa ne ko na sinadari?

Sadiya_SS1:
Assalamu alaikum. Don Allah malamai a taimaka min. A darasin kemistiri an ba mu ƙa'ida cewa canjin siffa shi ne wanda abu zai iya komawa yadda yake da, canjin sinadari kuma ba ya komawa. Ƙanƙara ta narke, a mayar da ita firij ta sake daskarewa, wannan na gane. To gero fa? In an kai shi inji an niƙa, wa zai iya mayar da garin tsaba? Amma a littafinmu niƙa yana cikin canjin siffa. Ga gwaji ranar Litinin, kaina ya ɗaure.

Malam_Lab:
Wa alaikumus salam, Sadiya. Kin yi tambaya mai kyau. Zancen komawa da rashin komawa alama ce kawai, kuma ni ban cika son fara koyarwa da ita ba, don irin wannan ruɗanin take jawowa. Abin da za ki riƙa tambayar kanki shi ne: an samu wani sabon abu da babu shi a da?

Sitacin da ke cikin tsabar gero shi ne dai a cikin garin, girman ɓarɓashin kawai ya sauya. Haka faskare itace. Amma a cinna wa itacen wuta, sai ki samu toka da hayaƙi da tururi da iskar kabon dayoksaid, duk ba itace ba ne. Ƙusa ta yi tsatsa, ƙarfen ne ya haɗu da oksijin a wurin da ke da danshi. Da za ki tattara ƙusar da tsatsarta duka ki auna, sai ki ga sun fi ƙusar farko nauyi, saboda oksijin ɗin da ya shiga. Toka kuwa ta fi itace sauƙi ne don sauran ya bi iska. Lavoisier, wani Bafaranshe, shi ya fayyace wannan lissafin a littafinsa na 1789.

Kuma akwai canjin sinadari da ke komawa. Kwafa salfet, wani sinadari ne shuɗi, in an zafafa shi ya koma fari, a ɗiga masa ruwa ya sake yin shuɗi.

Ki yi hattara da kumfa. Ruwa yana tafasa yana ɓulɓula, amma tururi ne, ruwa ne dai. Kyandir kuma yana yin biyun a lokaci ɗaya: wanda ya narke ya zubo ya daskare canjin siffa ne, wanda wuta ta cinye canjin sinadari ne. Masu shirya jarrabawa suna son wannan tambayar ƙwarai.

Ɗan_Marina:
Malam ya gama magana. Ƙanwata, in kina Kano ki leƙa marinar Ƙofar Mata ki gani da idonki. Zane yana fitowa daga rijiyar baba da launi kore-kore, marini ya ɗaga shi a iska, kina tsaye ya rikiɗe ya zama shuɗi. Oksijin ne ya haɗu da rinin. Shi ya sa ake tsomawa a ɗaga, a sake tsomawa a ɗaga, har launin ya kama sosai.

Maman_Khalifa:
Mu dai a kicin muke namu. Madara ta kwana ta zama kindirmo, wasu ƙananan ƙwayoyin halitta ne suka mayar da sukarin cikinta tsami, ba kuma za ta koma madara ba. Malam, zoɓo fa? In na matsa masa lemon tsami sai ya ƙara ja, in kanwa ta taɓa shi sai ya yi duhu.

Malam_Lab:
Hajiya, wannan na sinadari ne. Launin zoɓo yana sauyawa gwargwadon tsamin ruwan, har makarantun da ba su da kayan gwaji kan yi amfani da shi a madadin takardar litimos, wadda ake gwada tsamin ruwa da ita.

Abba_BUK:
Malam, a gafarce ni, amma gishiri a ruwa fa? Mu an koya mana cewa yana rarrabuwa ne, sodiyam ya ware, kuloraid ya ware. Ta yaya za a ce ba abin da ya sauya?

Malam_Lab:
Abba, ba ka yi ƙarya ba, su kansu masana suna ja-in-ja a kan wannan. Sukari ya fi sauƙin sha'ani, don ƙwayoyinsa suna nan cikakku a cikin ruwan. Gishiri kuwa tun yana busasshe a matsayin ƙwayoyin sodiyam da kuloraid masu cajin lantarki yake, ruwa ya raba su ne kawai. A bar ruwan ya ƙafe, gishirin ya dawo, yadda mutanen Bilma a Nijar ke barin rana ta busar da ruwan gishiri a ramuka su kwashe. Ni a ganina ya fi kusa da canjin siffa. Sadiya, in ya fito miki ranar Litinin ko a WAEC, ki rubuta canjin siffa, ki ƙara da dalilin cewa ana samun gishirin in ruwan ya ƙafe.