Sarauniyar tururuwa: abinci ne ko gado?

Masana ilimin halittu, don Allah ku warware min wannan, ina shirya takardar da zan gabatar a aji kuma na cije. An koya mana cewa a yawancin tururuwa abinci da yanayi ne ke sa tsutsa ta zama sarauniya ko ma'aikaciya. Sai ga wasu tururuwa masu tara tsaba da ake kira Pogonomyrmex, na kudu maso yammacin Amurka: sarauniya tana barbara da mazan zuriya biyu, ƙwan da maniyyin zuriyarta ya shiga shi yake zama sarauniya, na ɗaya zuriyar kuwa ma'aikaciya. To in mazan zuriyarta kaɗai ta samu fa, wa zai haƙa rami ya ɗebo tsaba? Gidan mutuwa yake yi? Kuma abinci ba shi da ta cewa ke nan a wurinsu?