Neman shawara: in bar ƙungiyarmu ta punk in bi masu industrial?

Sadiku:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata huɗu a Mancesta, uku daga ciki ina buga ganga a wata ƙungiyar punk, mu huɗu. Tun ina Zariya nake son kiɗa, a tebur nake bugawa har Baba ya hana, domin a gidanmu kiɗa sana'ar maroƙa ce. Har yau bai san abin da nake yi da dare ba, Mama kaɗai ta sani. Mai gitarmu shi ya ba ni wurin kwana wata biyu lokacin da ban da ɗaki, shi ya ara mini saitin gangunan da na fara da su, don haka akwai nauyinsa a kaina. Muna buga D-beat, wani salon gangar punk mai sauri, bugu 190 zuwa 200 a minti, a ƙananan mashaya, abin da aka samu a raba huɗu, wani lokaci ko kuɗin mai ba ya fita.

To ga wata ƙungiyar industrial, masu kiɗa mai nauyi da ake haɗawa da sautin na'ura, ta neme ni rangadin mako uku a Jamus da Holand da Beljiyam. Da kilik suke wasa, wato ƙarar ƙirgar lokaci da mai ganga ke ji a kunne yana binta, da sauti daga kwamfuta. Na gwada sau biyu, cikin waƙa ta uku na wuce kilik ɗin. Ga wuyan hannuna na dama yana ciwo. Saura mako bakwai. Me zan yi?

Malam Tanko:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, ka karɓa, babu ja. Gudun da kake yi wa kilik ciwon 'yan punk ne duka: kuna hanzari a amshi da kuma wurin jujjuya sanda a kan ganguna. Maganinsa minti 20 kullum. Sa metronom, na'urar ƙirga lokacin bugu, a 120, ka saita shi ya yi gaɓa huɗu da sauti, huɗu shiru. Idan ya dawo ka ga ko kana kan "ɗaya", wato bugun farko na gaɓa. In ka daidaita, mayar da shi biyu da sauti, shida shiru. Ka ɗauki kanka a waya, kunne yana yaudara lokacin da hannu ke aiki.

A dandali kuma: layi na 1 da na 2 na na'urar sautin kwamfutar su tafi wurin injiniya, na 3 ya zo maka kai kaɗai da kilik, ta ƙaramar mahaɗar sauti a gefenka, ka riƙe ƙarfinsa da hannunka. Su sa maka ƙirga na gaɓa biyu kafin kowace waƙa a cikin Ableton, manhajar kiɗa ta kwamfuta. In ka kauce, kada ka bi shi da gudu. Saki komai, bar gangar ƙafa kawai, jira "ɗaya" ka shiga.

Kuma hanyar nan tsohuwa ce. Martin Atkins ya shiga Public Image Ltd a 1979, ya buga wa Ministry da Killing Joke, ya kafa Pigface a 1990 tare da Bill Rieflin. Daga punk ake zuwa can.

Hajara:
Malam Tanko, an bar babban abu. Sadiku, wace biza ke hannunka? Bizar ɗalibi a Birtaniya ta hana aikin nishaɗantarwa da sana'ar kai, ko fam goma aka biya ka. Ta Graduate, wadda ake ba waɗanda suka gama karatu, ta yarda da sana'ar kai. Sannan fasfon Najeriya yana buƙatar bizar Schengen ta shiga ƙasashen nan uku, kuma wasa don kuɗi kowace ƙasa da ƙa'idarta. Mako bakwai ba lokaci ba ne mai yawa wurin samun ranar ganawa. Kayan da za a loda a mota ana yi musu ATA Carnet, takardar kwastam ta shiga da kaya na ɗan lokaci, da jerin kowane abu da lambarsa. Wa zai yi, wa zai biya?

Sadiku:
Anti Hajara, maganar biza ina kanta. Sun ce manajansu zai rubuta mini wasiƙa. Mutanen kirki ne, na zauna da su.

Dogo:
Kirki ba ya shiga asusun banki. Ɗan ƙungiya za ka zama ko ɗan haya? A industrial yawanci mutum ɗaya ne ke da waƙoƙin, ya riga ya tsara gangunan a kwamfuta, kai ado ne na dandali. Ranar da kuɗi ya yi ƙasa, mai ganga ake fara sallama, na'ura ta ci gaba. Kuɗin PRS, ƙungiyar da ke karɓar haƙƙin waƙa a Birtaniya, na marubuta waƙa ne, mai ganga ba ya ciki sai an rubuta sunansa. Abin da za ka iya samu na PPL ne, mai karɓar haƙƙin rikodi, shi ma sai bugunka yana cikin rikodin kuma an yi maka rajista. Haka ake cin guminmu kullum, mu ne masu kaya mafi nauyi, mu ke fara zuwa, mu ke ƙarshen tafiya. Ka sa su rubuta: nawa kowane wasa, nawa ranar da ba wasa, kuɗin abincin kullum, ranar biya, da wanda zai sayi fata da simbal in sun fashe. In sun ƙi, zauna da 'yan'uwanka.

Malam Tanko:
Dogo kana tsoratar da yaro. Ɗan haya da ya iya kilik ba ya rasa aiki. Josh Freese yana cikin The Vandals tun 1989, bai fita ba, ya yi wa Nine Inch Nails daga 2005 zuwa 2008. Mako uku ne, ba saki ba ne.

Sadiku, za su sa maka tiriga a gangar ƙafa, ƙaramar na'urar da ke mayar da bugunka sautin lantarki, irin su Roland RT-30K. In ka ji bugu ɗaya yana fitowa biyu, fatar ce ke rawa: cusa filo ya taɓa ta, ƙara ɗaure ta kaɗan, sannan ka ɗaga threshold da mask time a hankali, wato saitin da ke hana na'urar jin ƙaramar rawar fata. In ka ɗaga da yawa zai haɗiye bugunka mai sauri. Kuma kada ka bar kan fedal manne da fata bayan bugu, shi ke jawo rabin matsalar.

Ummi:
Kowa ya tsallake hannun. Ciwon a ina yake, gefen babban yatsa ko bayan hannu? Akwai sanyin yatsu da dare? In akwai, likita za ka gani kafin ka ƙara atisaye. A bugu 190 masu yawa suna matse sanda da ƙarfi, girgizar ta koma jijiya. Sauka daga sanda mai kauri 2B zuwa 5B da ta fi ta siriri, sassauta riƙo, bar sanda ta dawo da kanta. Simbal a gefe ake shafarsa, ba a nutsa sanda cikinsa, kuma kada a ɗaure shi tamau. Kujera ta yi tsawon da cinya za ta ɗan gangara ƙasa. Wasa sha takwas a kwana 21 a kan jijiya mai kumburi yana iya kwantar da hannu watanni. Abin kunnen da za ka ji kilik da shi ma ka sayi mai toshe ƙara sosai, in ba haka ba za ka ƙure kilik don ka ji shi, kunnen ya tafi.

Sadiku:
Ba zan iya sauka daga 2B ba, sautin ba ya fita da ƙaramar sanda. Hannun kuma da na yi ɗumi yake sakewa. Takarda kuwa, ina jin nauyin tambaya tun ba a fara ba, kada su ga kamar kuɗi ya kawo ni.

Dogo:
To me ya kawo ka?

Malam Tanko:
Makirfo ke fitar da sauti a wancan dandalin, ba kaurin sanda ba. Fara atisayen yau.

Hajara:
Har yanzu ba ka faɗi bizar ba.

Sadiku:
Zan dawo kanta. Mai gitarmu ya kira yanzu, ya karɓa mana wasa biyu a Leeds cikin makon da rangadin zai fara. Ban gaya masa komai ba tukuna.